Yanda muka gano asalin tsohuwar bindigar Baba mai gidan hayata a Jamus

Shekara huɗu kenan ina zaune a wani ƙauye kusa da Coburg, can arewacin Bavariya a Jamus, ina aiki a wani kamfani mai yin kayan injina, ni aikina duba ƙarfe ne, auna shi da gwada ƙarfinsa kafin kaya su fita. Mai gidan da nake haya tsoho ne ya haura tamanin, ni dai Baba nake ce masa tun ranar da na tare, da farko abun ya zo masa baƙo har dai ya saba. Maharbi ne mai lasisi, kuma a ƙasar nan lasisin farauta ba abun wasa bane, jarrabawa ake zaunawa mai zafi har suna mata kirari da koriyar jarrabawar gama sakandare. Yanzu ido ya yi rauni, ƙafa ma haka, ya daina shiga daji, amma kabad ɗinsa na ƙarfe mai makulli yana nan a ɗakin ƙasa.

Wata Asabar cikin hunturu ya ƙwanƙwasa min ƙofa yace tunda kai ƙarfe ne sana'arka zo ka ara min idonka. Jikarsa ce ke karatun lasisin farauta, yana so in ta samu ya miƙa mata wata bindiga mai baki biyu da ya gada, to amma yana so ya rubuta mata tarihinta tukuna. Labarin da ya taso ya ji a gidansu shine kakansa ya saye ta tun zamanin Kaiza, wato sarkin Jamus na da, kafin yaƙin duniya na farko, kuma wani maƙerin bindiga na wani gari nan kusa ne ya ƙera ta da hannunsa daga farko har ƙarshe, ga sunansa ma an zana a kan doron da ke tsakanin bututun biyu. Shi dai Baba bai taɓa shakka ba, kawai yana son shekara ce.

Ni kuma bindigar da na sani ina yaro ita ce adaka ta kakana, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, maƙeri ya yi ta amma babu suna babu lamba a jikinta, in wanda ya san labarin ya rasu to labarin ya bi shi. Shi yasa da Baba ya karya tasa ya nuna min babu harsashi a ciki, ya cire ɗan katakon gaba, ya tura libar sama, bututun biyu suka rabu da uwar bindigar ya juya min cikinsu, wallahi sai da na yi shiru. Wajen da ke ɓoye ɗin nan cike yake da ƙananan tambura, wani kan wani, kamar fasfon ɗan kasuwa. Ni ba ni da lasisi, don haka duk abunda na yi a gabansa na yi shi a kan teburin ɗakin ƙasan nan, ko ƙofa ban taɓa fita da ita ba.

Abu na farko wanki ne. Tsohon mai ya daskare ya zama kamar ƙaro ya cike ramukan, na sa ɗan mai mara kauri da tsohon buroshin haƙori na dinga bi a hankali, ban yarda na sa sanfefa ko wani abu mai kankara ba sabida tamburan ba su da zurfi, kana kankarewa ka share shaidar. Da ya bushe sai na goga farin alli a kai na share da yatsa, allin ya zauna cikin ramukan, rubutu ya fito fari tas a kan baƙin ƙarfe. Na ɗauki hoto da waya na zuƙo shi ya cika fuska na miƙa wa Baba, shekara nawa yana riƙe da bindigar nan amma yace ranar ya fara ganin su sosai.

Ga abunda muka gani. Kambi da harafin U a ƙarƙashinsa, kambi da S, sai a bututun hagu kawai akwai kambi da W. Akwai 16 a cikin da'ira, akwai 16/1, a gefe kuma kalmar Nitro kusa da 'yar mikiya. Kewaye da bututun an rubuta Fluss-Stahl Krupp Essen. Sai wasu lambobi uku su kaɗai, 327, da wasu haruffa bibbiyu ƙanana nan da can, da hoton wani ɗan mutum tsaye riƙe da kulki wanda da farko na ɗauka tabon tsatsa ne.

Sati biyu na yi ina bin waɗannan ɗaya bayan ɗaya da daddare in na dawo aiki. Ashe a 1891 ne Jamus ta yi dokar cewa duk bindigar da za a sayar sai ta bi ta ofishin gwaji na hukuma, dokar ta fara aiki 1 ga Afrilu 1893. Gwajin shine a harba ta da ɗuri mai ƙarfin da ya wuce wanda za ta riƙa ɗauka kullum, in ba ta fashe ba, ba ta kumbura ba, sai a buga mata tambari. U ɗin nan na nufin an sake duba ta bayan harbin an ga lafiya lau, S na nufin bututu ne mai santsin ciki na ƙwayoyin dalma, da mai zare ne a ciki irin na harsashi guda G za a buga. W kuwa alamar an matse bakin bututun ne don ƙwayoyin su tafi a dunƙule su yi nisa, shi yasa hagu kaɗai ke da shi, dama na harbin kusa, in tsuntsu ya yi nisa sai ka ja kunama ta biyu. Har bindigogin da dokar ta tarar a shaguna ba a bari ba, an buga musu kambi da V, in ka ga wannan to bindiga ta riga 1893. Ta Baba ba ta da shi. Ba ta kuma da mikiya mai N a ƙasa wadda ta zo da sabuwar dokar 1939, kenan tana tsakani. Nitro ɗin shaida ce an gwada ta da albarushi mara hayaƙi, 16 kuma girman bakinta ne, lissafin na da ne, in ka raba laba ɗaya ta dalma gida 16 ka mulmula, ƙwallo ɗaya shine faɗin bututun, kusan milimita 16.8. Jamusawan da 16 suka fi so, ba 12 da ta cika duniya yanzu ba.

Inda magana ta juya shine 327. Na ɗauka lambar bindigar ce, sai na ga lambar tana wani wajen daban kuma ta fi tsawo. Ofishin gwaji na garin Suhl tun wajen 1923 ya fara buga wata da shekara, to 327 Maris ne na 1927. Kaiza kuwa ya sauka tun Nuwamba 1918. Gaskiya na yi kwana biyu ina juya yanda zan gaya wa tsohon nan, don abu ne da ya ji daga bakin mahaifiyarsa. Da na faɗa masa ya daɗe bai ce komai ba, sannan yace mu je Suhl a duba, in haka ne haka ne.

Daga wajenmu zuwa Suhl bai kai awa ɗaya a mota ba, amma fa kafin 1990 wata ƙasa ce daban, Jamus ta Gabas, da waya da sojoji a tsakani, Baba yace ya girma yana jin sunan garin kamar wata duniya. Shi ya saka bindigar a akwati ya kulle, takardunsa a aljihu, ni na ja motar. Garin yana cikin kwari ne a dajin Turingiya, duwatsu da itatuwa ta ko'ina, kuma da ka gani ka gane dalilin da yasa sana'ar ta zauna a nan, akwai tama a ƙasa, ga itacen gawayi, ga ruwa mai gudu da zai juya guduma da injin huda bututu. Tun ƙarni na 16 suke yin bindiga, suna sayar wa duk mai kuɗi, har a Yaƙin Shekara Talatin aka ƙone garin a 1634, suka sake tashi.

Mun fara da gidan tarihin makamai da ke tsakiyar gari, wani tsohon gini mai gwaraben katako. Ni ba bindigogin sarakuna masu zinariya ne suka riƙe ni ba, teburan aikin ne, da jerin zartuna da 'yan kurfi na masu zane. A nan na fahimci abunda maƙerin da muka je wajensa daga baya ya ƙara fayyace mana, wato a Suhl da wuya ka samu bindigar da mutum ɗaya ya yi shi kaɗai. Mai bututu daban, mai haɗa bututun biyu ya laƙa su daban, mai uwar bindiga daban, mai sassaƙa ƙota daban, mai zane daban, mai baƙanta ƙarfe daban, da yawansu a ɗan shago bayan gida suke aiki, yaro ya ɗauki kaya daga wannan gida zuwa wancan. Ƙananan haruffan nan bibbiyu da na gani na irin waɗannan mutanen ne, kowa ya gama nasa ya buga nasa.

Maƙerin dattijo ne shi ma, ya yi koyo a garin tun zamanin kwaminisanci. Ko minti ɗaya bai yi da bututun a hannu ba ya sa farce a kan ɗan mutum mai kulkin nan yace wannan ai tambarin kamfanin Sauer ne. Sunan da ke kan doro na mai shagon da ya sayar ne, haka ake yi a lokacin, maƙerin gari ya yi oda daga Suhl, a zana masa sunansa, wani lokacin ya gyara ƙota daidai kafaɗar mai saye, ya kuma riƙa kula da ita in ta samu matsala. Ba yaudara bace, kowa a harkar ya san haka, jikoki ne dai ba su sani ba. Shekarar ma ya tabbatar, 1927.

J.P. Sauer & Sohn suna lissafa farkonsu daga 1751, sune mafi tsufa cikin kamfanonin bindiga na Jamus da ke raye har yau, kuma sun yi suna da ƙarfen kamfanin Krupp na garin Essen. Wannan ƙarfen ne ya kori bututun Damaskas na da, wanda ake murɗa siraran ƙarfe iri biyu a naɗe su a kan sanda a daka da wuta har su haɗe, yana da kyan gani sosai kamar zanen ruwa, amma ni da nake aikin ƙarfe na san duk inda aka yi haɗi to wajen ɓuyan tsatsa ne, kuma an yi shi ne don baƙin albarushi. Narkakken ƙarfe guda ɗaya ya fi jure sabon albarushi. Tsarin cikin bindigar kuwa ba na Jamus bane asali, maƙerin ya faɗa ba tare da jin komai ba, na wasu Turawan Ingila ne biyu, Anson da Deeley na Birmingham, 1875, wanda ya mayar da gudumar cikin ciki maimakon kunnuwa biyu a waje. Sakatar da ke ratsa sama ta kulle bututu ita ma ta Greener ce, shi ma Birmingham. Abunda Jamusawa suka sa nasu shine ƙarin kulle kan kulle, da 'yan ƙusoshi da ke leƙowa su nuna maka ko a ɗane take ko da a duhu ka shafa, da zoben rataya don su a kafaɗa suke yawo da ita cikin duwatsu, da matashin kunci a jikin ƙota. Ta Baba duk tana da su, ga ɗan zanen ganye a gefe, ba mai yawa ba, bindigar aiki ce ta mai matsakaicin hali.

Da hira ta yi daɗi sai ya dinga jero mana maƙwabtan kamfanoni da shekarun kafuwarsu. Haenel 1840, Heym 1865, Krieghoff da ya fara da abokin haɗin gwiwa Sempert a 1886, 'yan uwan Merkel 1898 waɗanda suka shahara da mai bututu ɗaya kan ɗaya maimakon gefe da gefe. Akwai Lindner da ke yi wa wani kamfanin New York bindigogi masu sunan Charles Daly, Amurkawa har yau suna nemansu ido rufe, kaga ko can sunan da ke sama ba shine maƙeri ba. Waɗanda aka fitar waje a da za ka ga an buga musu Prussia, sabida tun 1815 Suhl a ƙarƙashin Furushiya take. Ya nuna mana wata mai baki uku, Drilling suke ce mata, biyu na ƙwayoyi a sama ɗaya na harsashi a ƙasa, wani Peter Oberhammer na Munich ya yi rajistarta a 1878, don maharbi ya fita da bindiga ɗaya ko zomo ya tashi ko aladen daji.

Na Simson ne ya tsaya min a rai har yau. Wasu 'yan uwa biyu Yahudawa, Löb da Moses Simson, suka kafa shi a 1856, ya girma ya zama cikin manyan masu ɗaukar ma'aikata a garin. Bayan yaƙin farko su kaɗai aka yarje wa yi wa sojan Jamus ƙananan makamai, wannan ya jawo musu hassada, da 'yan Nazi suka hau aka ƙwace kamfanin a 1935, iyalin suka tsere a 1936 suka ƙare a Amurka, aka goge sunansu daga kan kaya aka sa BSW, daga baya Gustloff. Maƙerin yace in ka ga bindiga mai BSW ta ƙarshen shekarun 1930 to hannun ma'aikatan Simson ne, injinan Simson ne, masu shi ne kawai aka kora. Sunan ya dawo bayan yaƙin duniya na biyu, har ya hau kan 'yan baburan nan da yaran Gabas ke ji da su har yanzu, amma iyalin ba su dawo ba.

A 1945 Amurkawa suka fara shiga Suhl cikin Afrilu, a Yuli suka bar wa Rasha. Aka kwashe injina zuwa Tarayyar Sobiyet, har wata bindigarsu ta Izhevsk mai suna IZh-49 kwafin Sauer samfuri na 8 ce. Masu kamfanoni da suka samu hanya suka tsallaka Yamma, Sauer ya sake kafuwa a Eckernförde a 1951, Krieghoff ya zauna a Ulm, waɗanda suka rage gwamnati ta haɗe su wuri ɗaya, shi yasa bindigar Gabas ta bayan yaƙi za ka ga Sauer ko Simson ko Merkel a jiki alhali kusan rufi ɗaya suka fito. Merkel dai yana Suhl har yanzu, tun 2007 wani kamfanin Abu Dhabi, Caracal, ya saye shi.

Sai aka zo kan ko za ta harbu. Ya rataye bututun a yatsa ya ƙwanƙwasa da ɗan katako, suka yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa, yace laƙin doron bai saki ba, da ya saki da ƙarar ta mutu nan take. Ya haɗa ta ba tare da katakon gaba ba ya girgiza, babu lakwa-lakwa. Ya ɗaga bututun ga fitila ya leƙa, ya miƙo min, a na dama wajen taki ɗaya daga gindi akwai 'yan ramukan tsatsa a jere kamar an yayyafa barkono. Nan Baba ya ba da labarin da bai taɓa ba ni ba, da yaƙin duniya na biyu ya ƙare an yi shela kowa ya kawo bindigarsa, ana tara su ana farfasawa, masu kyau sojoji na ɗauka su tafi da su gida, shine kakansa ya shafe ta da mai ya naɗe cikin tsumma ya tura ƙarƙashin daɓen rumbun ciyawa, ta yi shekaru a nan. Yana yaro ƙarami aka fito da ita bayan an sassauta doka, ya tuna warin tsumman. Damshin wajen ne ya ci ta. Maƙerin ya sa ma'aunin kaurin bango ya bi wajen a hankali, ni ma na karanta agogon da idona, naman ƙarfen da ya rage ya isa.

Gargaɗi biyu ya yi da babbar murya. Mazaunin harsashinta milimita 65 ne, 16 cikin da'ira ba tare da an buga 70 ba abunda yake nufi kenan, kuma ya auna ya tabbatar. Harsashin da ya cika shaguna yau 70 ne, kuma zai shiga ya zauna daram sabida tsawon ana auna shi ne bayan bakin kwanson ya buɗe, in an harba sai ya buɗe cikin wajen da ya ƙuntata matsi ya ƙaru, a bututu mai kusan shekara ɗari wannan ba abun gwadawa bane. Na biyu kar a sa mata ƙwayoyin ƙarfe, musamman hagu mai matsattsen baki. Tun Fabrairu 2023 Tarayyar Turai ta hana harbi da dalma a fadamu da bakin ruwa, kenan farautar agwagwa ta wuce ta sai dai da wasu ƙwayoyi masu laushi masu tsada. Kuɗinta kuwa yace kar Baba ya sa rai, irinta sun yi yawa a kasuwa matasa ba sa nema, wani lokacin keke mai kyau ya fi ta tsada. Wannan ya min ciwo, don na ga yanda aka zauna da zarto aka daidaita ƙarfe da ƙarfe har gashi ba zai shiga tsakani ba, a wajen aikinmu inji mai kwamfuta ke yin haka.

A hanyar dawowa Baba yana ta lissafi da yatsu, can yace 1927 ai shekarar da kakansa ya karɓi gonar daga hannun nasa uban kenan, akwai takardar a cikin akwatin matarsa marigayiya. Da muka iso ya sa na ɗauko, shekarar ta yi daidai. Yace to wataƙila wata ce aka saya zamanin Kaiza ta salwanta, labarin biyu suka haɗe a bakin mahaifiyarsa.

Daren nan muka zauna na zana kowane tambari da biro a takarda, yana faɗa ina rubutawa da Jamusanci, kambi da U, kambi da S, kambi da W a hagu, mai kulki na Sauer, Maris 1927, Suhl, sunan mai shago, rumbun ciyawa, sai a ƙasa da manyan baƙi 65 KAWAI, BANDA ƘWAYAR ƘARFE. Haruffa bibbiyun nan na ma'aikatan ma yace in kwafe su duka yanda suke. Ya sa hannu, ya ce ni ma in sa nawa a gefe, muka ninke takardar muka saka a aljihun akwatin tare da kwali biyu na harsashi 16/65 da muka sayo a Suhl. Jikar za ta zauna jarrabawarta cikin bazara.